Hoton dikoda yana daskarewa a bayan garin Jos: laifin eriya ne ko sigina ne ba ya isowa?

Abu Hafsa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin talabijin na dijital da ake kamawa da eriya, ba na tauraron ɗan'adam ba. Gidana yana bayan garin Jos ta hanyar Bauchi, daidai inda hanya ta fara gangarawa, kuma akwai wani babban dutse tsakaninmu da cikin gari. Eriyar waje nake amfani da ita, an ɗaure ta a kan gora a jikin katanga, wayarta kuma ta ratsa ta taga zuwa falo, inda aka raba ta biyu domin talabijin ɗin ɗakin uwargida. Wani lokaci tashoshi suna fitowa tsaf, amma musamman bayan an yi ruwa sai hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta riƙa yankewa, daga nan sai allo ya nuna babu sigina gaba ɗaya. Idan na duba dikoda, layin ƙarfin sigina yana kai wa wajen kashi 70, amma layin inganci ba ya tsayawa wuri guda. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a zamanin analog muna kama tashoshin Jos a wannan gida, ko da hoton yana da yashi-yashi. Mai shago ya ce in sayi busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina. Kafin in kashe kuɗi ina so in sani: shin muna cikin yankin da siginar ke kaiwa, ko kuwa ɗawainiyar banza nake yi?

Injiniya Sani ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsa. Abin da ka ce game da zamanin analog shi ne mabuɗin fahimtar matsalar. Siginar analog tana lalacewa ne a hankali, gwargwadon rauninta gwargwadon yashin da ke cikin hoto, amma mutum yana iya ci gaba da kallo. Tsarin dijital mai suna DVB-T2 da Najeriya ke amfani da shi ba haka yake ba, domin dikoda tana gyara kurakuran da ke cikin siginar da kanta muddin ba su wuce wani ƙima ba, shi ya sa hoto yake fita tas ko da siginar mai rauni ce, amma da zarar sun wuce wannan ƙima sai komai ya rushe a lokaci guda. Gidanka yana daidai bakin wannan iyaka ne, inda ƙaramin canji kamar jiƙewar waya ko kaɗawar iska ya isa ya tura ka ɗaya ɓangaren.

Game da isowar sigina, tashoshin dijital suna kan zangon UHF, daga megahaz 470 zuwa 694, kowace mitar watsawa tana da faɗin megahaz 8 kuma tana ɗauke da tashoshi da yawa. Igiyoyin wannan zango kusan miƙe suke tafiya, ba sa zagaye dutse yadda na rediyon matsakaicin zango suke yi. A lissafi, hasumiya mai tsawon mita 100 da eriyar gida mai tsawon mita 9 suna iya ganin juna har kusan kilomita 50, amma wannan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne irin ta Kano. A Filato, inda garin Jos yake kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 kuma duwatsu suka kewaye shi, nisa ba shi ne abin dubawa na farko ba. Kamar mutum ne ya haska tocila a tsakar gida: wanda ke can ƙofar gida yana ganin hasken, amma wanda ke zaune a bayan katanga kusa da shi yana cikin duhu. Saboda haka za ka iya zama kilomita 10 daga hasumiya ka rasa hoto, wani kuma yana kilomita 30 a kan tudu yana kallo lafiya lau.

Ka daina kallon layin ƙarfi. Yana auna duk abin da ya shigo ta waya ne, har da hayaniyar lantarki da siginar wayoyin salula. Layin inganci shi ne yake nuna ko dikoda tana iya karanta abin da ya iso, kuma tunda yana motsawa, wannan shaida ce cewa sigina tana zuwa gidanka. Ban ga dalilin fid da rai ba tukuna.

Garba Mai Eriya ya amsa:

Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni ɗaura eriya ce sana'ata, kuma zan tsaya a kan maganar ruwa da Malam ya yi. Ruwan sama yana tare siginar tauraron ɗan'adam, shi ya sa masu dish suke rasa hoto idan hadari ya taso, amma bai cika shafar siginar eriya ba. Idan hotonka yana lalacewa bayan ruwa, to mafi yawan lokuta ruwan ya shiga cikin wayar ne ta mahaɗar da ke jikin eriya, ya bi cikinta, ya sa ragar da ke ciki ta yi tsatsa. Ka kwance mahaɗar ka duba, idan ka ga ta yi kore ko baƙi, to kada ka yi wahalar gyara, ka canza wayar duka. Ka nemi waya nau'in RG6 mai kauri wadda ragarta take cike, ba 'yar siririyar nan mai araha ba, kuma ta zama guda ɗaya daga eriya har dikoda ba tare da ƙulli a tsakani ba. Ka naɗe mahaɗar sama da salatif mai hana ruwa, sannan ka bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga taga, domin ruwa ya ɗiga a waje.

Abu na biyu, rabawar da aka yi zuwa ɗakin uwargida. Abin raba waya gida biyu yana cinye fiye da rabin siginar a kowane ɓangare, kuma wanda yake bakin iyaka irinka ba shi da rarar da zai bayar. Ka cire shi na ɗan lokaci ka gwada talabijin ɗaya.

Sai maganar tsawo. Eriyar da ke jikin katanga, ƙasa da rufin kwano, tana iya karɓar siginar da kwanon ya dawo da ita maimakon wadda ta zo kai tsaye. Ka sa bututun ƙarfe maimakon gora, domin gora tana rawa da iska, ka ɗaga ta ta wuce rufin da kamar mita 2 ko 3, amma don Allah a yi nesa da wayar lantarki ta titi, kuma kada a hau idan ana walƙiya. Wani ya tsaya gaban talabijin yana faɗa maka layin inganci, kai kuma kana juyawa sannu a hankali, kana dakatawa bayan kowace juyawa domin dikoda tana ɗan jinkiri kafin ta nuna canji. A unguwannin da ke bayan dutse na sha samun hoto mai kyau ta hanyar fuskantar da eriya ga wani dutse na gefe wanda siginar ke dukansa ta dawo, ba ga cikin gari ba. Ka kuma lura da yadda sandunan eriyoyin maƙwabta da ke samun hoto suke, a kwance ne ko a tsaye, ka yi naka haka.

Ummu Khalil ta amsa:

Ni dai busta ta yi mana amfani a Bukuru, don haka ban ga laifin shawarar mai shagon ba. Tun da aka sa mana ita hoton bai sake yankewa ba, kuma talabijin biyu muke kallo da eriya ɗaya.

Injiniya Sani ya sake amsawa:

Hajiya, gaskiya ne tana amfani a irin halinku, inda sigina mai tsabta take isowa eriya amma doguwar waya da rabawa suke rage ta. Sai dai busta ba ta ƙirƙiro abin da eriya ba ta kamo ba, tana ƙara ƙarfin siginar ne tare da duk hayaniyar da ke cikinta, shi ya sa za a ga layin ƙarfi ya cika amma na inganci bai motsa ba. Akwai kuma wata illa da ta ƙaru a 'yan shekarun nan. Zangon megahaz 700 da 800, wanda a da na talabijin ne, yanzu an ba kamfanonin wayar salula domin 4G, alhali tsofaffin bustoci an ƙera su ne su karɓi har megahaz 862. Idan akwai hasumiyar salula kusa da gida, sai bustar ta cika da siginarta, hoton ya fi lalacewa. Wanda zai saya ya nemi mai matatar da ke tare siginar 4G a cikinta, a ɗaura ta a sama kusa da eriya, ba a bayan talabijin ba, kuma sai bayan an gama gyaran da Malam Garba ya lissafa.

Malam Idi Tudun Wada ya amsa:

Ina so in ƙara wani ɓangare, domin kada a ɗora wa magidanci dukkan nauyin. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sanya 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin analog a zangon UHF, Najeriya ba ta cika wa'adin ba, kuma a nan Jos aka fara gwajin sauyi zuwa dijital a ranar 30 ga Afrilun 2016 ƙarƙashin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin. Abuja ta biyo baya a ƙarshen wannan shekarar, Kaduna da Ilorin a 2017, Legas da Kano sai a 2021. Ƙaddamarwa a babban birnin jiha ba ta nufin jihar duka ta samu sigina, kuma a ƙasa mai duwatsu hasumiya ɗaya ba za ta taɓa wadatarwa ba. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne a kafa ƙananan na'urorin cike giɓi a kan tuddai, waɗanda ke karɓar siginar babbar hasumiya su sake watsa ta zuwa kwaruruka. A ganina ya kamata a riƙa wallafa taswirar da ke nuna unguwa-unguwa inda eriyar ɗaki ta isa, inda sai ta waje, da inda sai dai dish, a manna ta a shagunan da ake sayar da dikoda. Talaka yana sayen kaya da kuɗin guminsa, ya cancanci sanin ko za su yi aiki a gidansa tun kafin ya biya.

Abu Hafsa ya dawo:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Mun kwance mahaɗar kamar yadda Malam Garba ya ce, mun tarar ta yi kore da tsatsa, har ruwa yana ɗiga daga cikin wayar. An sa sabuwar waya da bututun ƙarfe, eriya ta wuce rufi, kuma inda ta fi kamawa shi ne da muka karkata ta wajen dutsen da ke kudu da mu. Yanzu layin inganci ya tsaya, yawancin tashoshi suna fita har bayan ruwan jiya. Sai dai akwai wasu 'yan tashoshi da suke ɓacewa tare su dawo tare, kuma da zarar na mayar da abin rabawa sai su tafi gaba ɗaya.

Injiniya Sani ya amsa:

Madalla. Waɗancan tashoshi a dunƙule ake watsa su a kan mitar watsawa guda, shi ya sa suke tafiya tare su dawo tare, kuma da alama mitarsu ce mafi rauni a gidanka. Ka buɗe ɗaya daga cikinsu a allo, ka sake daidaita eriyar da ita maimakon da tashoshin da suka riga suka yi ƙarfi. Idan ingancinta ya tsaya da talabijin ɗaya, to a lokacin ne bustar da Hajiya ta ambata za ta yi maka aiki wajen ciyar da ɗaki na biyu.