Shin Bulokcen Zai Karya Babakeren Manyan Kamfanonin Fasaha?

Injiniyan manhaja: Assalamu alaikum. Da'awar da nake son mu tattauna ita ce, fasahar bulokcen, wato kundin lissafin da ake ajiye kofensa a kwamfutoci masu yawa ta yadda babu wanda zai iya goge abin da aka rubuta shi kaɗai, ita ce za ta karya babakeren da Google da Amazon da Meta suka yi a intanet. Ina kuma ganin waɗanda suka zuba jari a sababbin kamfanonin wannan fasaha ba su yi kuskure ba, duk da asarar da aka tafka a 2022. Hujjata daga tarihi take. A watan Maris na 2000 kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta kai ƙololuwa, kafin Oktoban 2002 ta zube da kusan kashi 78 cikin ɗari, kamfanoni irin su Pets.com suka mutu, hannun jarin Amazon kansa ya faɗi da fiye da kashi 90. Wanda ya yanke ƙauna daga intanet a wancan lokaci shi ne ya yi babbar asara.

Malamar tattalin arziki: Wa'alaikumus salam. Injiniya, misalinka yana da kyau a ji, amma ban ga ya dace ba. A daidai lokacin da hannun jarin Amazon yake faɗuwa, mutane suna ci gaba da sayen littattafai a wurinsa, masu amfani da intanet kuma suna ƙaruwa kowace shekara. Farashi ne ya rushe, amfani bai ragu ba. Bitcoin ya fara aiki tun 2009, don haka an ba wannan fasaha lokaci mai tsawo ta nuna abin da za ta iya bayan saye da sayarwar kirifto, wato kuɗin intanet irin Bitcoin ɗin. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk da IBM sun kafa wani tsarin bulokcen mai suna TradeLens a 2018 domin bin sawun kwantena da takardunsu, suka sanar da rufe shi a Nuwamban 2022 saboda ba a samu haɗin kan da ake bukata daga masu harkar ba, kuma bai kai ga ɗaukar nauyin kansa ba. A wannan watan dai kasuwar hannun jari ta Ostareliya ta watsar da shirinta na mayar da tsarin tantance ciniki kan bulokcen, bayan shekaru ana aiki, tare da asarar kusan dalar Ostareliya miliyan 250. Waɗannan ba 'yan damfara ba ne, kuma kuɗi da ƙwararru ba su yi musu ƙaranci ba.

Injiniyan manhaja: Malama, waɗannan misalai biyu ni suke goya wa baya. Duka biyun kundaye ne rufaffu da wani babba yake riƙe da makullinsu. Wane kamfanin jiragen ruwa ne zai saki jiki ya zuba sirrin cinikinsa a tsarin da babban abokin hamayyarsa ya gina? Ni maganar da nake yi ta buɗaɗɗun tsare-tsare ce irin Ethereum, waɗanda ba mallakin kowa ba ne.

Dattijo ɗan kasuwa: Ni ba masanin kwamfuta ba ne, amma na daɗe a harkar haɗa jari, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin FTX, dandalin saye da sayarwar kirifto. A Janairun 2022 aka ƙiyasta darajarsa a dala biliyan 32, a ranar 11 ga Nuwamba na shekarar ya shigar da takardar karyewa, aka nemi kusan dala biliyan 8 na kuɗin jama'a aka rasa, domin an karkatar da su zuwa Alameda Research, wani kamfanin na Sam Bankman-Fried, wanda ya kafa FTX. Su wa suka zuba masa kuɗi? Sequoia Capital, wanda yana cikin waɗanda suka fara zuba jari a Apple da Google, ya yi asarar fiye da dala miliyan 200. Temasek na gwamnatin Singafo ya rasa miliyan 275. Asusun fanshon malaman makaranta na Ontario a Kanada ya sa miliyan 95, kuɗin tsufan mutanen da suka ƙare rayuwarsu a aji. Mutumin da aka naɗa ya tattara abin da ya saura, John Ray, wanda shi ne ya yi irin wannan aiki a Enron, kamfanin makamashin Amurka da ya karye, ya shaida wa kotu cewa bai taɓa ganin rashin tsari irin wannan ba. A kasuwa, ko buhu goma za ka ba mutum bashi sai ka leƙa shagonsa ka tambayi maƙwabtansa. Yaya aka yi manya irin waɗannan suka miƙa dukiya ba su duba littafin lissafi yadda ya kamata ba? Na fi zargin tsoron kada a bar su a baya.

Injiniyan manhaja: Alhaji, ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, kuma hukuncin ɗaurin shekara 25 da aka yanke wa Bankman-Fried a Maris na 2024 ya dace da laifinsa. Sai dai FTX dillali ne na gargajiya da ya karɓi ajiya ya ci amana. Lissafin abokan cinikinsa a kwamfutocinsa yake, ba a kan bulokcen ba. Wanda ya riƙe makullin asusunsa da kansa, wato lambar sirrin da take buɗe kiriftonsa, ba a taɓa masa ajiyarsa ba a wannan rushewa.

Malamar tattalin arziki: To nan ne zuciyar maganar, Injiniya. Me ya sa miliyoyin mutane suka kai kuɗinsu wurin dillali alhali an ce fasahar ta zo ne domin kawar da dillali? Saboda riƙe makulli da kai nauyi ne: ka ɓatar da shi, dukiyarka ta tafi, babu ofishin da za ka kai kuka. Mutum yakan nemi sauƙi, sauƙi kuwa yana mayar da iko hannun 'yan ƙalilan. Hatta kwamfutocin da suke riƙe da Ethereum, kaso mai yawa daga cikinsu haya suke yi a rumbunan Amazon da makamantansu, wato wanda aka ce za a karya shi ne mai gidan haya.

Akwai kuma batun yadda jarin yake fita, wanda ba a cika magana a kansa ba. A al'ada, mai zuba jari a ƙaramin kamfani yakan jira shekaru kafin a sayar da kamfanin ko a kai shi kasuwar hannun jari, kuma kafin nan dole a ga abokan ciniki na gaske. A harkar kirifto kuwa, yana iya karɓar sulallan kirifton da kamfanin ya ƙirƙira da araha tun farko, ya sayar wa jama'a tun kafin a gina abin da aka yi alkawari. Kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz ya sanar da asusun kirifto na dala biliyan 4.5 a Mayun 2022, a watan da manhajar kirifto ta Terra ta rushe da dukiyar da ta kai kusan dala biliyan 40. Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, wanda ba maƙiyin Bitcoin ba ne, tun a Disambar 2021 ya ce masu jarin ne suka mallaki sabon intanet ɗin da ake tallata cewa za a gina a kan bulokcen, ba masu amfani da shi ba. Kuma ko da wani ƙaramin kamfani ya yi nasara, mun san inda yakan ƙare: Google ya sayi YouTube a 2006, Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan ɗaya, ya sayi WhatsApp a 2014.

Ma'aikaciyar banki: Ina tare da Malama a yawancin abin da ta faɗa, amma akwai wurin da nake ganin ta wuce ba ta tsaya ba. Kirifton da aka ɗaure darajarsa da dala, irin USDT, yana da masu amfani na gaske a ƙasashen da kuɗinsu yake zubewa, kamar Ajantina da Turkiyya da Najeriya, inda Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto a Fabrairun 2021 ya kuma janye hanin a Disambar 2023. Facebook ya hango wannan tun 2019 da ya sanar da kirifton kansa mai suna Libra, gwamnatocin Amurka da Turai suka taso masa, PayPal da Visa da Mastercard da Stripe suka fice, aka canza sunan zuwa Diem, aka sayar da kadarorinsa a farkon 2022. Daga baya PayPal ya fitar da nasa kirifton mai darajar dala a 2023, Stripe kuma ya sayi kamfanin Bridge, mai harkar irin wannan kirifto, kan kusan dala biliyan 1.1. Don haka amfani akwai shi, sai dai manyan ne suke komawa suna ɗauka. Tether, mai USDT, yana da ikon daskarar da asusun mutum kuma yana yi, mafi yawan ajiyarsa kuwa takardun bashin gwamnatin Amurka ne.

Injiniyan manhaja: Hajiya, na karɓi wannan gyara, kuma zan rage faɗin da'awata. Ba zan ƙara cewa bulokcen zai karya Google ko Amazon ba, domin ban ga hanyar da zai taɓa cinikin talla ko hayar rumbunan kwamfuta ba. Amma a kan aika kuɗi daga ƙasa zuwa ƙasa ina nan a kan bakana. Ɗan kasuwar da yake biyan mai kaya a Sin cikin mintuna, maimakon kwanaki ta hanyar bankuna, ya samu abin da bai da shi a da.

Dattijo ɗan kasuwa: Wannan na yarda da shi, Injiniya. Abin da ya rage mini tambaya ɗaya ce, kuma ina son Hajiya ta amsa tunda aikinta ne: idan mai kayan ya karɓi kuɗin ya ƙi turo kaya, ko kamfanin ya daskarar da asusun ɗan kasuwar bisa kuskure, wace kotu ce za ta saurare shi, kuma a wace ƙasa?