Ɗakin Hajiya: a buɗe ko a bar shi a kulle?

Auta: Salam jama'a. Ni dai ina nan a kan maganata ta jiya, kulle ɗakin Hajiya da muka yi tun rasuwarta ba girmama ta ba ne, danne haƙƙin magada ne kawai muke yi da sunan kara. Rufin yana yoyo, gara ta cinye adudu, zannuwanta na saƙi duk asu ya huda su, to wa ya amfana?

Yaya Babba: Auta ka iya bakinka. Kwallayen nan da tasoshin da ke jere a kabet na aurenta ne, wasu ma a wurin Inna ta gaje su, so kake mu kira ƴan gwangwan su ɗora a sikeli su biya mu da kilo? Wallahi ba da ni ba

Anti Ƙarama: Yaya ki yi haƙuri amma yaron nan yana da gaskiya. Ranar da mutum ya cika kayansa sun tashi daga nasa, a biya bashi, a fitar da wasiyya in akwai kuma kar ta wuce sulusi, abin da ya rage na magada ne har cokali, Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12 ba su ware kwalla ba. Kuma kar mu manta yayanmu bayanta ya rasu, kasonsa na marayunsa ne, ni wannan ne ke hana ni barci ba tasoshi ba.

Kawu: Ku yaran yanzu komai tsoho shara ne a wurinku. Ku je kabarin Tafawa Balewa nan cikin Bauchi, tun 1966 aka kashe shi amma kayansa na nan a ajiye ƴan makaranta na zuwa gani.

Auta: Allah ya ƙara girma Kawu, can akwai ma'aikata masu share ƙura, namu ɗakin kuwa ɓeraye ne ke gadi 😂

Yaya Babba: Ba abin dariya ba ne. To Alƙur'aninta rubutun hannu da ke cikin gafaka fa, nawa za ku yi masa kuɗi?

Anti Ƙarama: Wannan ba mai kai shi kasuwa, in kowa ya yafe ki riƙe, kason marayu kuma a cike musu daga namu tunda ba a yafe musu. Sauran a kira malami a ƙiyasta, wanda ransa ke kan wani abu ya ɗauka a cikin kasonsa. Keken ɗinkin Singer ma mai kawai yake so, ga ƴar marigayi tana koyon ɗinki da keken aro, haba Yaya.

Kawu: Keken kam na yarda. Gadon ƙarfen mai rumfa ne ban yarda ya je bola ba.

Auta: Sai ku ba shi wuri a gidanku Kawu, ni ɗaki ɗaya nake haya a Yelwa.

Yaya Babba: Makulli dai yana hannuna. Asabar bayan la'asar kowa ya zo da kansa banda aike, kuma in na hango mai kurar gwangwan a ƙofar gida ba zan buɗe ba.