Ina son yin dokta a kan tsutsar hatsi, ta ina zan fara?

Ɗan Tibiri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama mastar a fannin noma, yanzu ina koyarwa a wata sakandare nan Maradi. Bana na shiga gonar mahaifina gab da girbi, na murza zangarniya ɗaya, sai ga ta rabi fanko, tsutsa ta bi ta a karkace ta cinye ƙwayar. Tsoho ya dube ni ya ce, "To kai mai boko, ina maganin?" Har yau maganar na cina. Ina son in yi dokta a kan wannan tsutsa. Ina da mata da yara biyu, albashi kuma kun san shi. In tsaya Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne, ko in nufi Yamai?

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka yi zancen wace jami'a, nemi malamin da zai riƙe ka. A tsarinmu na CAMES, hukumar da ke tantance matsayin malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama, ba kowane mai dokta ke jagorantar ɗalibi ba, sai wanda ya kai matsayin da aka yarje masa. Rubuta shafi uku zuwa biyar: me kake son ganowa, a waɗanne ƙauyuka, damina nawa. Ka kai masa da ƙafarka, kada ka tura ta waya. Kuma ka taƙaita. "Tsutsar hatsi" ta yi faɗi. Masu bincike a INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, reshen Tarna nan Maradi, sun daɗe suna kiwon wani ɗan ƙaramin zirnaƙo da ke kashe ta, ana sakinsa a gonaki cikin ƙananan buhuna. Ka je ka ga inda suka tsaya, daga nan tambayarka za ta fito. A takarda karatun dokta shekara 3 ne, amma aikinka na damina ne, in ruwa ya yi gardama shekara guda ta tafi. Ka sa 4 a ranka.

'Yar Tasawa: Gaskiya Malam ya faɗa. Ni ina shekara ta biyu a fannin ƙasar noma, kuma abin da ya fi ba ni wuya ba kuɗin rajista ba ne. Man babur zuwa ƙauye, kuɗin gwajin ƙasa, ɗan abin da za ka ba manomin da ya bar maka kadada. Ka tambayi malamin kai tsaye ko yana da wani aiki mai kuɗi da zai saka ka ciki. Ka leƙa ANAB ma, hukumar ba ɗalibai tallafin karatu, ka ji sharuɗɗan bana. Kuma ka zauna da uwargida tun yanzu, ita za ta ɗauki rabin nauyin.

Ɗan Madarumfa: In Turancin Ingilishi bai ba ka tsoro, Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, tana karɓar ɗalibai daga maƙwabta. Amma mai iyali, gona na nan, INRAN na nan, ni da na tsaya gida.

Ɗan Tibiri: Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin in na tashi aji zan wuce Tarna. Malam, in na rubuta shafukan, za ka duba mini kafin in kai?

Malam na Zariya: Kawo su bayan la'asar, ka haɗo da zangarniya biyu daga gonar Baba.