Masu zane na cikin gida ko na haya: wa yake zubar da kuɗi?

Hajiya Manaja: Salamu alaikum. Ga maganata, kowa ya kawo hujjarsa: duk kamfanin da yake buƙatar zane, bidiyo da rubutun talla a kai a kai, amma ya dogara da kamfanin samar da ma'aikata yana turo masa mutane, kuɗinsa yake zubarwa. Ya ɗauki nasa na dindindin kawai. Ƙungiyar manyan masu ba da talla ta Amurka, ANA, takan tambayi mambobinta ko suna da sashen talla na cikin gida. A 2008 kashi 42 cikin 100 ne suka ce suna da shi, a 2013 suka kai 58, a 2018 suka kai 78, a 2023 kuma 82. Waɗannan mutane ba sa wasa da lissafi.

Akanta: Wa alaikumus salam. Hajiya, alƙaluman daidai ne, amma kin ɗora musu kayan da ba nasu ba. An tambaye su ko suna da sashe, ba a ce sun sallami na waje ba, kuma mafi yawansu har yanzu suna ba da aiki a waje. Sannan albashi ba shi kaɗai ne kuɗin ma'aikaci ba. Akwai fansho, inshorar lafiya, hutun shekara, kwamfuta mai ƙarfi, kuɗin manhajar Adobe da ba ya yankewa, ga wanda zai shugabance su, shi ma da albashinsa mai tsoka. Watan da babu aiki ma sai an biya duka.

Hajiya Manaja: Malam Akanta, la'adar da dillali yake ɗorawa a kan kowace awa fa? Ita ba kuɗi ba ce?

Dillalin Ma'aikata: Tunda an taɓo mu, bari in shigo. Ranki ya daɗe, la'adar nan ba a banza muke cin ta ba. Mu muke nemo mutum, mu duba ayyukan da ya yi a baya, mu biya shi, mu cire haraji, idan ya yi rashin lafiya ko bai dace da wurin ba mu kawo wani cikin kwanaki. Ke kuwa in kin ɗauki wanda bai iya ba, sai kin sha wahala kafin ki rabu da shi. Kuma akwai gwanintar da ba kullum ake nemanta ba. Mai haɗa hoto mai motsi da za ki buƙata sau biyu a shekara, za ki ajiye shi wata goma sha biyu yana kallon bango?

Mai Zane: Ni na yi aiki ta hanyoyin biyu, kuma akwai abin da ba ya fitowa a takardar Malam Akanta. Duk inda aka tura ni, makonnin farko a tambaya suke ƙarewa. Wane launi ne na kamfani, wa yake sa hannu kafin a fitar da aiki, ina aka ajiye fayilolin bara, me ya sa aka daina amfani da tsohon taken. Duk awannin nan kamfani yana biya, da la'ada a kai. Lokacin da na fara gane kan wurin, har in san abin da shugaba zai ƙi tun kafin in nuna masa, lokacin kwantiragi yake ƙarewa. In tafi da duk abin da na koya a kaina, a turo wani ya fara daga farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to su kullum sabon baƙo suke sa wa ya nemo wurin.

Hajiya Manaja: Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Ga Unilever ma, da suka buɗe U-Studio, sashen tallansu na cikin gida, a 2016, su da bakinsu suka ce aikin ya fi sauri, kuma ya fi na kamfanonin talla na waje araha da kusan kashi 30 cikin 100.

Dillalin Ma'aikata: Hajiya, kin kawo mini hujja har gida. Wa ya zuba ma'aikata a U-Studio? Kamfanin Oliver ne, na waje, wanda sana'arsa ke nan: ya ɗauki mutane ya zaunar da su cikin ofishin wanda yake yi wa aiki. A ciki suke zaune, amma ba a takardar albashin Unilever suke ba.

Mai Zane: Yallaɓai, amma zama suke yi su daɗe. Ba irin turowar wata uku da nake magana a kai ba ce.

Malam Edita: Ni damuwata ba ta kuɗi ba ce. Ma'aikacin cikin gida yakan saba da ra'ayin maigida har ya daina ganin aibi. Ku tuna tallan Pepsi na Afrilun 2017, wanda tauraruwar tallan kayan ƙawa Kendall Jenner ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo a tsakiyar zanga-zanga. Sashensu na cikin gida ne ya shirya shi, kuma kwana ɗaya da fitowarsa suka janye shi suka ba da haƙuri. Da akwai idon baƙo a ɗakin, wataƙila da wani ya ce a dakata.

Mai Zane: Malam, a nan ne ake cakuɗa abu biyu. Kamfanin talla daban, kamfanin samar da ma'aikata daban. Na farko yana zuwa da shugabanninsa da sunansa da yake karewa, yana iya cewa ba zai yi ba. Na biyu hannu kawai yake turowa, ya zauna ƙarƙashin manajan nan dai. Idan ma'aikacin dindindin yana tsoron faɗa wa maigida gaskiya, ina ga wanda kiran waya ɗaya ya isa a ce kada ya dawo gobe? Ni dai lokacin da nake na haya ban taɓa musu da kowa ba. Abin da aka ce in zana shi nake zanawa.

Malam Edita: To ai na dindindin ma ba su yi musu ba a Pepsi.

Mai Zane: Ba mu san abin da aka faɗa a ɗakin ba. Abin da na sani, ɗan haya ba zai gyara wannan ba.

Barista: Ku ba ni dama in ƙara abin da yakan kawo mutane ofishinmu daga baya. Na ɗaya, haƙƙin mallaka. A dokar Amurka da ta Birtaniya, abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Ɗan haya kuwa ba ma'aikacinki ba ne, Hajiya, don haka sai an rubuta a yarjejeniya cewa an miƙa miki haƙƙin, in ba haka ba kina iya biyan kuɗin tambari ki wayi gari ba naki ba ne. Na biyu, riƙe mutum shekara da shekaru da sunan wucin gadi yana da hatsari. Microsoft ya biya dala miliyan 97 a 2000 don sasanta ƙarar da irin waɗannan ma'aikata suka shigar, kan an hana su damar sayen hannun jari da rangwame kamar sauran ma'aikata. A Birtaniya kuma, tun 2011, wanda aka turo ya cika mako 12 a aiki ɗaya ya cancanci albashi da hutu daidai da wanda aka ɗauka kai tsaye. Rahusar da ake hange takan ragu daga nan.

Akanta: Shi ya sa ni ba na yanke hukunci da ka. Hajiya, ki fito da ayyukan shekarar da ta wuce, wata bayan wata, a ƙirga awannin. Abin da ba ya sauka ƙasa ko a watan da kasuwa ta fi sanyi, shi ne adadin mutanen da za ki iya ɗauka ba tare da asara ba. Abin da ya haura lokacin ƙaddamar da sabon kaya, a nan dillali yake da amfani.

Hajiya Manaja: Zan fito da su, amma na san abin da za su nuna, aikinmu ba ya yankewa. Malam Dillali, idan wanda ka turo ya yi mini, na ce zan riƙe shi dindindin fa?

Dillalin Ma'aikata: Ana yi sosai, ranki ya daɗe. Sai dai akwai kuɗin sakinsa da za ki biya mu, yana cikin yarjejeniya, kuma a wurinmu yakan ragu gwargwadon daɗewarsa a wurinki.

Barista: Kafin ki sa hannu, Hajiya, ki turo mini wannan sakin layin tare da na haƙƙin mallaka in karanta.