Jama'a me za mu kira "maskot" da Hausa? Giwar Alabama ce ta jawo maganar

Salamu alaikum 'yan uwa masu bin shafin nan. Yau ba sakamakon wasa na kawo ba, taimako nake nema, wata kalma ce ta tsaya min a maƙoshi tun shekaranjiya.

Autanmu da ke karatu a Jami'ar Alabama can garin Tuscaloosa a Amurka shi ya turo bidiyo a gurup ɗin gidanmu. Ya je kallon ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga wadda ake sa hular kwano, fili ya cika maƙil kusan mutum dubu ɗari kowa da jar riga, sai ga wani ƙato ya shigo cikin rigar giwa, ruwan toka, kunnuwa fatan-fatan, hanci na reto har ƙirji, yana taka rawa yana rungumar yara ana ta ɗaukar hoto da shi. Ko minti biyar ba a yi ba Hajiyarmu ta turo saƙon murya, tace "Kai Auta wannan wane irin dodo ne kake tsaye kusa da shi, karatu aka tura ka ko tashe?" Muka sha dariya. Toh ni kuma nace bari in sa bidiyon a shafi, na zo rubuta bayani a ƙasa sai na tsaya cak. Turawa maskot suke ce masa. Mu fa?

Abun da ya ƙara rikita ni shi ne sunan ƙungiyar ba giwa ba ne, ko kusa. Crimson Tide ake ce musu, kaman kace Jar Ambaliya, ja ɗin ma irin mai duhun nan na zoɓo. Asalinsa wasan da suka yi da abokan gabarsu Auburn ne a Birmingham a 1907, fili ya zama taɓo, ƙasar wajen kuma ja ce, kowa ya ɗauka Auburn za ta lallasa su amma aka tashi 6-6, fararen rigunansu sun rine da jar laka, shi ne ake danganta sunan ga wani ɗan jarida Hugh Roberts da ya kwatanta su da ambaliya ja. Giwa kuwa sai 1930 ta shigo. Lokacin kocinsu Wallace Wade, a wasa da Mississippi ya fara sako 'yan benci, da aka gama zangon farko sai ya sako manyan, ƙattai ne na gaske, wani ɗan jaridar Atlanta mai suna Everett Strupper ya rubuta cewa ƙasa ta ɗauki rawa har wani ɗan kallo ya kwarma ihu wai a riƙe dawaki ga giwaye nan tafe. 64-0 aka tashi ranar. Shi kuma wannan mai rigar giwar, Big Al, sai ƙarshen kakar 1979 aka fito da shi a hukumance, kusan shekara hamsin bayan ihun mutumin can.

Kun ga kenan abu uku ne a tukunya ɗaya. Akwai sunan da ake kiransu da shi, akwai abun da 'yan kallo ke faɗa da ƙarfi wato Roll Tide, akwai kuma halittar da ke yawo a fili. Biyun farko ban da matsala da su. Sunan laƙabi ne, wanda yace inkiya ma bai yi laifi ba, kaman Super Eagles ko Mena ta Nijar da ta ɗauki sunan barewar sahara. Na biyu take ne, Roll Tide da Sai Masu Gida na Kano Pillars uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na ukun ne ya gagara. Ina sauraronku.

Ƙari bayan la'asar: kai jama'a na gode, ban zaci maganar za ta ɗauki wuta haka ba. Bari in bi su yadda suka shigo.

Mafi yawa tambari kuka ce, wasu alama. Ni dai ban gamsu ba. Tambari shi ne zanen da ke ƙirjin jesi da kan takarda, na Alabama ma harafin A ne mai lanƙwasa, in muka ba maskot wannan sunan me za mu kira zanen? Giwar da ke jikin bajon Wikki Tourists ta Bauchi tambari ce, ba ta rawa ba ta gumi. Alama kuma ta yi faɗi da yawa, alamar hanya alama, alamar tambaya alama, alamar ciki ma alama. Wani yace mutum-mutumi, yallaɓai wannan kalmar ta gaji, ita ce gunki ita ce na korar tsuntsu a gona ita ce kuma aka ɗora wa robot, a bar ta ta huta.

Wani Malam da na ga alamar ya sha Larabci ya kawo magana mai nauyi, yace kafafen labaran Larabawa tamima suke cewa, ko lokacin Kofin Duniya na Katar a 2022 haka suka rinƙa kiran La'eeb, farin nan mai kama da ƙyallen da suke yafawa a ka yana shawagi, tamima kuwa ai laya ce, don haka mu ce laya kawai. Allah ya gafarta Malam, ta fuskar asali kana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Kalmar daga Faransanci ta shiga Turanci, Faransawa kuma daga yaren kudancinsu na Provence suka ɗauko, tushenta yana komawa ga kalmar da ke nufin mayya, daga nan ta zama abun da ke kawo sa'a. Abun da ya yayata ta wani wasan kwaikwayo ne na waƙe da aka yi a Paris a 1880 a kan wata yarinya mai kiwon talo-talo wadda duk gidan da take sa'a na bin su. Toh amma Malam kai ma ka san abun da zai biyo baya in na rubuta "layar Jami'ar Alabama ta yi rawa a fili". Rabin masu karatu za su ɗauka an kama boka a bayan raga, ragowar rabin kuma su cika min akwatin saƙo da nasiha. A wajenmu laya a ƙwallo tana nufin abun da ake binnewa a gindin turken gola da daddare, ba abun da ke ɗaukar hoto da yara ba. Su kansu Amurkawan yau ba wanda ke ganin Big Al ne ke ci musu wasa.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta wani Baba da yace shi mutumin karkarar Katsina ne, ya rubuto kalma biyu kacal, kan gida. Ga yaran da ba su san ta ba, a al'adar Maguzawa kowane gida ko zuri'a na da dabbar da suke ɗauka tasu ce, wasu maciji wasu kada wasu damo, ba sa kashe ta ba sa cin namanta, ita ce kan gidansu. Baba wallahi ka harbi tsakiya, don in ka ga yadda wasu jami'o'in ke yi da dabbobinsu masu rai sai kace daga nan suka koya. Jami'ar Georgia kare gare su fari mai murtukakkiyar fuska, sunansa Uga, daga haruffan sunan jami'ar aka haɗa, tun 1956 gida ɗaya ne a garin Savannah ke kiwon su, in wannan ya mutu ɗan uwansa ya gaje shi ana ƙirgawa Uga na ɗaya na biyu kaman sarauta, yana da ɗan ɗakinsa mai AC a gefen fili, in zafi ya yi yawa a shimfiɗa masa buhun ƙanƙara ya kwanta a kai, kuma in ya mutu a cikin filin wasan ake binne shi da sunansa a jikin dutse. Kare fa. Ni da AC ɗin ofis ɗinmu ya shekara bai tashi ba.

Amma Baba ga inda ta karye min. Jami'ar Texas laƙabinsu Longhorns, shanu masu dogon ƙaho, duk wanda ya san jajayen shanun Bororo ya san irin ƙahon da nake nufi. A 1916 tsofaffin ɗalibai suka yi karo-karo suka sayo sa aka kawo shi fili, shi ne Bevo na farko. 'Yan Texas A&M abokan hamayyarsu suka lallaɓa suka yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, suka rubuta 13-0 a jikinsa, sakamakon wasan da suka ci Texas a 1915. Sa ya zama abun kunya ga kuɗin ciyarwa, ƙarshenta a 1920 aka yanka shi aka gasa a walimar 'yan wasa, har aka gayyaci 'yan A&M ɗin aka ba su ɓangaren fatar da ke da rubutun. Toh Baba wa ya taɓa cin kan gidansa da yaji? Bayan haka kalmar tana da nata nauyin na addinin gargajiya, matsalar laya ce ta dawo ta ƙofar baya, kuma ba ta ɗaukar ɗalibin da ya shiga rigar soso yana tsalle.

Af, tunda an zo kan su biyun, ranar 1 ga Janairun 2019 an haɗa Bevo na 15 da Uga na 10 a New Orleans kafin wasa wai a ɗauke su hoto tare, Bevo ya ture shingen ƙarfe ya yi kan karen, masu kamara suka watse kowa ya yi ta kansa, da ƙyar aka janye karen. Ku nemi bidiyon, ya fi wasan daɗin kallo.

Wata 'yar uwa daga Damagaram tace wawan sarki, wani yace ɗan kama, wani yace burtu saboda maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya kaman tsuntsu. Burtun nan ta burge ni gaskiya, mutum ne ya ari siffar dabba, sai dai shi maharbi ɓuya yake don kar a gane shi, wannan kuwa so yake duk filin ya gan shi. Wawan sarki kuma da baki yake aikinsa, maskot ba ya magana ko kaɗan, da hannu da rawa yake yi.

Ƙari na biyu, da safe: na kwana ina juya abun, sai na sake kunna saƙon Hajiya. Ita ba ta san Alabama ba, ba ta san Provence ba, ba ta tsaya tunani ba, tana ganinsa tace dodo. Kuma in kun duba, duk Bahaushen da ya ga masu shigar ganye ko rufe fuska a bikin gargajiya, a kudancin Kaduna ne ko Filato ko ƙasar Yarabawa, dodo yake cewa, wato mutum ne a ciki kowa ya sani amma an yarda a yi kaman ba a sani ba, yana fitowa ranar taro, na wata al'umma ne takamaimai, ba ya magana da muryar mutane. Su ma can ɗaliban da ke shiga rigar yawanci ɓoye sunansu ake yi sai sun gama makaranta. Me ya rage? Saboda haka ni na tsaya a kan dodon ƙungiya, in kulob ne dodon kulob, in gasa ce dodon gasa, kaman Akwaba giwar nan ta gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. Jam'i dodanni.

Na san abun da za ku ce, dodo tsoro yake bayarwa. Eh, da shi ake tsorata yaro ya yi barci. Amma kalmar ta daɗe da yin laushi, dodon koɗi wa yake tsoro, kuma a bakin 'yan ƙwallo in aka ce ɗan wasa kaza dodon raga ne ai yabo ne. Su ma jami'o'in ba don wasa suka zaɓi giwa da damisa da gadu ba, don a firgita baƙo ne tun farko, daga baya ne aka mayar da su abun wasan yara. Sai dai irin su Santa Cruz a California da ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a a 1986 suka zaɓi wata tsutsa rawaya mai yauƙi, 'yar uwar dodon koɗi marar ƙoƙo, ita kam sunan ya zauna mata daram.

Ga yadda na rubuta a ƙasan bidiyon, ku gwada a bakinku ku ji ko ta zauna: "Big Al, dodon ƙungiyar Jami'ar Alabama masu laƙabin Jar Ambaliya, yana taka rawa 'yan kallo na amsa taken Roll Tide."

Inda har yanzu nake ɗan ɗari-ɗari shi ne masu ran, in kira sa mai ƙaho da kare mai numfashi dodo, bakina bai gama sakewa ba. Baban Katsina ya sake rubutowa yace a raba gardama, mai shiga riga a ce masa dodo, mai rai a bar masa kan gidansa, in ya so Texas su ji da alhakin wanda suka cinye. Malam kuma yace shi ko a kotu yana nan kan laya. Na dai sa bidiyon da dodo, mai ja ya zo da jimlarsa cikakkiya yadda zai rubuta labarin Bevo da Uga na 2019 mu ji ta a baki, ba kalma tsirara ba.