Muhawara: wai duk wanda aka tsare a zanga-zanga shi ya ja wa kansa?

Daga zauren zumuncin unguwarmu a Bauchi, bayan an sake turo bidiyon yaran nan da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, waɗanda suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja.

Alhaji Mai Yadi: Salamu alaikum jama'a. Na kalli bidiyon, kuma ni ma uba ne, na ji tausayi. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Malamai sun hau mumbari sun ce kar a fita, sarakuna sun ce kar a fita, aka fita. Ruwa ba ya tsami banza, kuma hukuma ba ta kama mutum yana ɗakin uwarsa. Duk wanda aka tsare shi ya ja wa kansa.

Auta: Allah ya ƙara girma Baba, yunwa ce ta fitar da su. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 gidaje nawa ne a layinmu ke ɗora tukunya sau uku?

Alhaji Mai Yadi: Yunwar ce ta fasa cibiyar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa (NCC) a Kano aka yi awon gaba da kwamfutoci da kujeru? Ita ce ta ɗinka tutar Rasha? Ko nan Azare sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a ƙaramar hukumar Katagum. Ni kaina rumfata ta Wunti kwana uku tana kulle, ina kwana da fargaba, kuma rabin yadin da ke ciki na bashi ne.

Barista: Baba Alhaji, fargabarka gaskiya ce, kuma wanda ya fasa dukiyar mutane a kama shi, ba ni da ja. Inda muka rabu shi ne abin da ke biyo bayan kamun. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko wa'adin da kotu ta ga ya dace. Bai ware ɓarawo ba. Yaran nan a farkon Agustan 2024 aka kwashe su, akasari daga Kano da Kaduna, aka kai su Abuja nesa da iyayensu. An samo umarnin kotu na riƙe su kwana 60, a bayan idonsu, amma sai ranar 1 ga Nuwamba aka karanta musu tuhuma. Kusan wata uku ke nan. Tuhumar kuma cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa, a kan yaran da wasunsu ko gemu bai fito musu ba. Belin kowanne naira miliyan 10. Ka dubi haƙarƙarinsu a bidiyon nan, Baba, ana iya ƙirgawa.

Alhaji Mai Yadi: To ai Shugaba Tinubu ya tausaya ya ce a sake su.

Barista: Ya ce, ranar 4 ga Nuwamba, washegari Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Amma sai da duniya ta ga sun faɗi aka tuna da su. Waɗanda babu kyamara a kansu fa?

Malama: Barista ka taɓo ni. Ban taɓa faɗa a nan ba, yau zan faɗa. Ƙanena mai gyaran waya ne, wasunku sun san shi. Ranar da abin ya yi zafi Inna ce ta aike shi sayo maganin hawan jini, ko kwali bai riƙe ba. Mota ta tsaya, aka kwashi duk wanda ke bakin titin. Wuri uku na je nema, ko'ina a duba littafi a ce babu mai wannan suna. Sai a kwana na huɗu wani yaro da aka sako ya zo har gida ya gaya mana inda yake. Na zuba tuwo a kula na tafi. Aka ce in ɗanɗana tukuna, na ɗanɗana a tsaye hannuna na rawa. Da aka fito da shi daga shi sai gajeren wando, bayansa duk shatin duka, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Ya ce ɗakin ya cika har sai an yi kamun kwana, wasu su kwanta wasu su tsaya. Abin da ya fara tambaya shi ne ko Inna ta samu maganin. A bango an rubuta beli kyauta ne, ni kuwa sai da na sayar da ɗan kunnena. Kwana tara ya yi, bai ga fuskar alƙali ba, ba a ba shi ko takarda ɗaya da ta faɗi laifinsa ba. Har yau in ya ji ƙarar birkin mota a bayansa sai ya zabura. Baba, me ya ja wa kansa?

Alhaji Mai Yadi: Innalillahi. 'Yata, wallahi ban sani ba. Allah ya saka masa. Sai dai in ana tsakiyar hargitsi ba a iya tantance mai gaskiya da mai laifi nan take.

Malama: Nan take na yarda. Kwana tara fa?

Malam Liman: Ni ina cikin waɗanda suka yi huɗuba kar a fita, kuma in aka sake kira gobe haka zan ce, domin fitina in ta tashi ba ta zaɓen gida. Amma kada a jingina da maganarmu a halatta abin da Allah ya haramta. Nasiha muka yi, ba mu ba kowa izinin dukan ɗan mutane ba. A shari'a hujja tana kan mai tuhuma, kuma ba a ɗora wa wani laifin wani. Alhaji, kalmar "duk" ɗin nan ta yi nauyi.

Auta: Batun ɗakin uwa kuma, Baba: Aminu ɗan Azare, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, a makaranta aka ɗauke shi a Nuwamban 2022 kan rubutun da ya yi a Twitter game da Aisha Buhari, aka kai shi Abuja, har gidan yarin Suleja, kafin a janye ƙarar. Dadiyata, mai sukar gwamnati a soshiyal midiya, a ƙofar gidansa a Kaduna wasu mutane suka ɗauke shi a Agustan 2019. Su waye, yana ina, iyalinsa ba su samu amsa ba. A zanga-zangar Agusta kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, an tsare sama da 1,200, duk da 'yan sanda sun musanta kisan.

Alhaji Mai Yadi: Ƙungiyoyin waje da ka ke kawowa ni ban cika sakin jiki da su ba. Tambaya ɗaya: masu fitar sun nemi izini?

Barista: Ba a buƙata, Baba. Sashe na 40 ya ba da 'yancin taruwa, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Ka san waɗanda suka kai ƙarar? ANPP, jam'iyyar Buhari a lokacin, da wasu jam'iyyu, bayan an watsa taron Buhari a Kano da barkonon tsohuwa a Satumbar 2003. Ka sha ba mu labarin taron nan a shagonka.

Alhaji Mai Yadi: Ina wurin. Motar haya muka ɗauka tun asuba daga tasha. Hulata na jiƙa da ruwa na toshe hanci, wani dattijo ya faɗi a gabana muka ja shi gefe. Bayan 'yan kwanaki aka ce Okadigbo, abokin takarar Buhari da ke wurin taron, ya rasu. Mu dai ba mu fasa shagon kowa ba.

Malama: Ƙanena ma bai fasa ba, Baba.

Alhaji Mai Yadi: Na ji. Na janye "duk". Amma ina nan a kan cewa fitar ba dabara ba ce, kuma masu kiranta da yawa suna gidajensu 'ya'yan talakawa suka sha wuya. Wannan ba zan janye ba.

Barista: Wannan za mu iya kwana muna yi. Anti, dukan da aka yi masa laifi ne a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017, hukuncinsa har shekara 25. Yana iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko mu shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu. Ba zan karɓi sisi ba. Kin ɗauki hoton bayan nasa? Akwai katin asibiti?

Malama: Katin yana nan a jakar Inna, hoton kuma yana tsohuwar wayata. Matsalar shi ne. Ya ce ba zai sake taka ƙofar wata hukuma ba, kuma Inna na cewa a bar wa Allah, kada a dawo a sake ɗauke shi.

Alhaji Mai Yadi: Ki ce masa ya zo rumfa gobe bayan La'asar, ina son ganinsa. Barista, kai ma ka zo.

Malama: Zan gaya masa in ya dawo daga Isha'i. Ban yi alkawarin zai yarda ba.