Commodore 64 ta kawo wuta amma allo baƙi ƙirin: me kuka tarar da kuka buɗe?

Ɗan Gwanjo

Salamu alaikum. Jama'a, ga kwamfuta Commodore 64 tsohuwar ƙira, mai kaurin nan ruwan ƙasa, ta fito cikin kayan gwanjo tare da tubalin wutarta. Jar fitilarta na kamawa, amma talabijin baƙi ƙirin, babu shuɗin allon nan mai rubutun READY. Waɗanda suka saba buɗe irinta, me kuke tararwa, kuma daga ina ake farawa?

Mai Dalma

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai zare tubalin nan, kada ka ƙara jona shi. Wuta iri biyu yake bayarwa ta fulogi mai ƙafa 7: bolt 5 DC da bolt 9 AC. Bolt 5 ɗin kai tsaye yake shiga RAM, wato ma'ajiyar bayanan da kwamfutar ke aiki da su, da yawancin ayisin (IC) da ke kan fanel, babu mai tace shi a cikin kwamfutar. Abin da ke daidaita shi yana cikin tubalin, an daskarar da shi cikin wata roba mai tauri wadda ba ta barin zafi ya fita, ba ta kuma barin mai gyara ya kai gare shi. In ya tsufa ba ya mutuwa ya yi shiru, sai dai wutar ta riƙa haurawa, 6, 7, har sama, kuma RAM ne ke fara ƙonewa.

Sa mita a ƙafa ta 5 da ta 2, ka ga tsakanin 4.9 da 5.2. Ƙafa ta 6 da ta 7 su ne na AC, in ba a jone da kwamfuta ba kana iya ganin 10 ko 11, wannan ba komai. Amma awo ɗaya ba ya wanke tubali, domin wani sai ya ɗau zafi tukuna yake fara tashi. Shawarata ka haɗa sabo: bolt 5 mai amfiya 2, da taransifoma mai bolt 9 AC amfiya 1. Kada a sa adafta mai 9 DC a madadinsa.

Injiniya

Ƙari a kan maganar Mai Dalma. A duba daga wace ƙasa ta fito. Ta Amurka tubalinta na wutar 110 ne, in aka soka shi a 230 ɗinmu an gama da shi. Tsarin hoton talabijin ɗinta ma NTSC ne, ayisin hoton 6567, saurin kwakwalwarta 6510 kuwa megahaz 1.023. Ta Turai PAL ce, 6569, megahaz 0.985, ita ce ta fi dacewa da talabijin ɗinmu. Kuma a bar ramin eriya, sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, sabon talabijin ne bai kama tashar ba. A ɗauki hoto ta zagayayyen ramin hoto da ke baya: ƙafa ta 4 hoto, ta 3 sauti, ta 2 ƙasa.

Sai fis. Akwai fis na gilashi a ciki kusa da makunni, a kan layin bolt 9 yake. Jar fitila kuwa daga bolt 5 take sha. To ka ga fis na iya ƙonewa fitila na ci abinta, alhali ayisin hoto bai samun bolt 12 ɗin da ayisin daidaita wuta 7812 ke haɗa masa daga layin 9. Sakamakon shi ne wannan baƙin allon. Abu mafi arha ke nan, kuma shi aka fi mantawa. A maye shi da mai lamba ɗaya da wadda ke rubuce a jikinsa, ban da naɗa waya.

Tsohon Mai Rediyo

Yaro, karanto mana lambar da ke gefen fanel ɗin, don sunan ɗaya ne amma cikin ba ɗaya ba. An nuna ta a Las Vegas a Janairun 1982, ta shiga kasuwa a watan Agusta kan dala 595, aka yi ta ƙera ta har kamfanin ya durƙushe a Afrilun 1994. A tsawon shekarun nan fanel ya sauya sau da dama: 326298 ta farko mai ramin hoto ƙafa 5, sai 250407, 250425, 250466, sai gajeriyar nan 250469 da aka fi samu cikin siririyar C64C. Tsoffin RAM takwas gare su, masu lamba 4164. Daga 250466 suka koma biyu, 41464.

Dalilin yawan sauyin kuɗi ne. Jack Tramiel, shugaban Commodore a lokacin, ya sayi kamfanin MOS Technology tun 1976, don haka Commodore da kanta take ƙera kwakwalwa da ayisin hoto da na sauti, tana iya karya farashi yadda abokan gogayya ba za su iya ba. Da haka ta kori Texas Instruments daga kasuwar kwamfutar gida a ƙarshen 1983. Arhar nan kuwa har yanzu ana ganin sawunta in an buɗe: kwali mai rufin alminiyam da aka lulluɓe fanel da shi, wanda ke riƙe zafi. A garinmu mai rana, cire shi ka ajiye.

Malamar Lantarki

Idan wuta ta yi daidai, wanda na fi zargi a dogayen fanel shi ne PLA, mai lamba 906114-01 a gurbin U17. Aikinsa raba hanya: kwakwalwar ba ta iya kallon adireshi fiye da kilobait 64, ga RAM ya cinye 64 ɗin, ga ROM uku masu riƙe da umarnin da ba ya gogewa, ga ayisin hoto da sauti, to shi ke yanke wanda zai amsa a kowane lokaci. In ya mutu babu mai magana da wani. Alamarsa baƙin allo, ko haruffa masu launi barkatai, ko kuma ta tashi lafiya sai ta ɗumama ta rikice. Akwai sababbin madadinsa na zamani, ba sa zafi, sai dai a tabbata an sayi wanda ya dace da lambar fanel ɗin.

Kafin a kai ga dalma, a yi gwajin da ba ya cin ko sisi. Kashe wuta, zare SID, wato ayisin sauti, in a soket yake, kunna. Kwamfutar na tashi ba tare da shi ba, kuma SID da ya haɗe ta ciki na iya baƙanta allo gaba ɗaya. Sai a kunna na minti ɗaya a bi RAM da bayan yatsa. Lafiyayye ɗumi-ɗumi yake, wanda ya haɗe kuwa kamar murfin tukunya a kan wuta. PLA da ayisin hoto da SID dama masu zafi ne ko suna lafiya, kada yatsa ya yanke musu hukunci.

Ɗan Gwanjo

Baba, 250407 ce. Fis lafiya, bolt 12 na nan, da sabuwar wuta nake gwadawa. Malama, RAM guda ɗaya ba ya taɓuwa don zafi.

Mai Dalma

To tubalin ya riga ya yi aikinsa. Kada ka ɗauka ɗayan ne kaɗai, wutar duk takwas ɗin ta bi. In za ka samu katirij ɗin gwajin nan da ake sokawa a bayanta, Dead Test, mai lamba 781220, yana tashi ko da RAM da ROM sun lalace, allo ya yi walƙiya fari, adadin walƙiyar ya nuna gurbin da ake zargi. Sai dai ba ya rantsuwa: ayisi biyun nan 74LS257 a U13 da U25 ne ke miƙa wa RAM adireshi, in ɗayansu ya mutu sai gwajin ya ɗora wa RAM laifi. Waɗanda ke ɗauke da lamba 7708 maimakon 74LS257 sanannu ne wajen mutuwa.

Wajen cirewa a nan ake kashe fanel. Layukan tagullar sun haura shekara 40, ɗan ja kaɗan suke ɗagowa. Yanke ƙafafun mataccen da ƙaramin almakashin waya, ka cire su ɗaya bayan ɗaya, ayan ɗin dalma a kan digiri 350, ka ɗan ƙara sabuwar dalma don tsohuwar ta narke, ka zuƙe ramin, ka dasa soket mai ƙafa 16. In ta tashi ka karanta lambar sama, dole ta ce 38911 BASIC BYTES FREE. Ƙasa da haka, ko OUT OF MEMORY, akwai sauran mara lafiya.

Injiniya

Ni dai tunda an buɗe, sai a sauya kafasitoci duka a huta.

Malamar Lantarki

Injiniya, a nan ban bi ka ba. Da wuya kafasita ya jawo baƙin allo a wannan kwamfutar. Sauya abu goma kafin a gano cutar ƙara wuraren zargi ne kawai. A tashe ta tukuna, sannan a sauya wanda ya kumbura ko ya zubar.

Abin da zan ja kunne a kai SID ne, ƙirar Bob Yannes, mai murya uku, wanda yanzu ya fi komai tsada a cikinta. Iri biyu ne: 6581 na shan bolt 12, 8580 na gajeriyar fanel kuwa bolt 9. Ƙafafunsu 28 duka, soket ɗaya suke shiga. Sa 8580 a 250407 ka kunna, ka yi asararsa.

Bazazzage

In ta tashi, matsala ta gaba maɓallai ne. READY ya fito amma ɗigon rubutu ba ya ƙyaftawa, ko layin haruffa guda ya ƙi aiki, to CIA 6526 na U1 ne, ayisin da ke karanta maɓallai. Biyu ne iri ɗaya, musanya shi da na U2 ka ga ko cutar ta koma wajen faifai. Abin da ke kashe shi soka sandar wasa wuta na kunne, da taɓa ƙafafun ramin da hannu, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tartsatsi. In kuwa haruffa jifa-jifa ne ke ƙin fita, datti ne. Narke wayoyi biyun SHIFT LOCK, kwance ƙananan sukurorin bayan, goge fanel ɗin da sifirit, sannan ka ɗan goga baƙar robar kowane maɓalli a kan farar takarda har ƙyallin ya tafi. Ban da sanfefa, yana cinye abin da ke ɗaukar wutar.